Riga Mai Lamba Sittin da Uku

Ni ce mai wankin rigunan 'yan ƙwallo
a Kwalejin Ashgrove, tsakiyar gonakin masarar Nebraska,
shekarar alif ɗari tara da hamsin da takwas.
Ɗakin wankin yana ƙarƙashin ƙasa, ba taga.
Ban taɓa ganin wasa ko ɗaya da idona ba,
kwando ne ke kawo mini labari daren Asabar.

In gwiwar wando ta yi kore shar,
na san yaranmu sun sha ƙasa.
In jini ne a kafaɗa, namu ne ko na baƙi,
ruwan sanyi ba ya tambaya.

Wasan farko suka ci.
Ihun filin ya biyo bututun ruwa ya same ni.
Na biyu ma haka. Gari ya ɗau zafi,
mai aski ya rubuta sunan Dewey Kovach a gilashin shagonsa,
yaron da ke jefa ƙwallon nan mai siffar gwanda
kamar mai aika wasiƙa gidan budurwa.
Sai aka je Kansas ana ruwa,
aka dawo da ƙafar Dewey ɗaure da katako.
Almakashin likita ya raba wandonsa biyu.
Na ɗinke, ban san wa zai sa ba.

Daga nan sai gangara.
Biyar a jere, kamar an yi mana baki.
Koci Lindqvist ya koma taba da baƙin shayi,
yakan sauko wurina ya zauna kan bokiti,
bai ce komai, ni ma ban ce ba,
injin wanki yana yi mana hira.
Mai aski ya goge gilashinsa.

Amma akwai riga ɗaya da nake jin kunyarta.
Sittin da uku. Lyle Brubaker,
ɗan manomi, kunnuwa kamar faifai.
Kowane mako takan dawo fara fat,
ƙanshin sabuluna bai ma bar ta ba.
Wata uku yana ɗumama benci.
Duk da haka nakan jefa ta cikin ruwa tare da sauran,
don kar ta ji an ware ta.

Ranar ƙarshe dusar ƙanƙara ta sauka tun hantsi,
filin ya zama kunu.
An ba mu ashirin, muna da shida,
saura minti biyu, 'yan kallo sun fara neman motocinsu.
Aka ce koci ya waiga, ya rasa wanda bai gurgunce ba,
ya ce, kai, sa kwalkwalinka.
Ƙwallo ya kuɓuce wa wani ƙato na wancan ɓangare,
Lyle ya faɗa kansa kamar kaza kan ƙwai,
mutum bakwai suka danne shi.
Bai canza komai ba. An cinye mu.

Da dare ya sauko da kansa, leɓe a fashe,
rigar a hannu, taɓo har wuya.
Ya ce, Madam Hostetler, wannan kar a wanke.
Na ce kayan makaranta ne, ana ƙirgawa.
Ya tsaya yana kallon takalminsa.
Na buɗe littafi na rubuta: ta ɓace.
Ƙaryar da na taɓa yi wa aikina ke nan.

Bara wata mata ta zo gidan tsofaffi tana cigiyata,
kunnuwanta suka gaya mini ko 'yar wa ce.
Ya rasu da bazara, in ji ta,
shekara arba'in yana sayar da tayar tarakta.
Ta warware wata tsohuwar jarida.
Taɓon ya bushe ya yi fari, yana zuba kan cinyata.
Ta ce, da me ake fitar da irin wannan?

Na san amsa. Ruwan sanyi, gishiri, haƙuri.
Na naɗe mata abarta na ce,
'yata, ban iya wanki ba.